GitHub Actions, GitLab ko Jenkins: wanne ya dace da ƙaramin kamfanin manhaja a Bauchi?

Har yanzu a Bauchi akwai masu rubuta manhaja da yawa da suke ɗora aikinsu kan sabar da hannu. Mutum ya gama gyara a kwamfutarsa, ya buɗe FileZilla ko ya shiga cPanel, ya kwashe fayiloli ya zuba, sannan ya buɗe shafin a wayarsa ya ga ko ya tashi. Muddin mutum ɗaya ne ke aikin, kuma manhajar ba ta taɓa kuɗin jama'a, wannan hanya tana iya kai shi shekaru. Rigimar tana tasowa ne ranar da aka zama mutum uku ko huɗu a kan aiki ɗaya. A ce shafin wata makaranta ne mai karɓar kuɗin zango ta Paystack ko Remita: wannan ya gyara lissafin ragin da ake yi wa 'yan gida ɗaya, wancan ya taɓa shafin rasit, aikin kowa yana tafiya lafiya a na'urarsa, amma da aka haɗa sai rasit ya fara fitar da adadin da ba shi ba. Ba wanda zai lura sai iyaye sun cika ofishin mai karɓar kuɗi.

Abin da ake kira CI/CD an ƙirƙiro shi ne don a tare irin wannan tun kafin ya fita. Duk sanda wani ya tura gyaransa zuwa ma'ajiyar kod, wato wurin da ake tara rubutun manhajar da tarihin gyare-gyarensa, wata na'ura ta daban za ta ɗauko aikin gaba ɗaya, ta sauke duk abin da yake dogaro da shi, ta haɗa shi, ta gudanar da gwaje-gwajen da aka rubuta. In komai ya wuce, a ga kore. In wani abu ya karye, a ga ja, kuma a ga layin da ya karye da sunan wanda ya taɓa shi. Mataki na gaba shi ne na'urar ta ɗora aikin kan sabar da kanta. Wannan jerin matakai shi zan riƙa kira layin aiki, na'urar da ke gudanar da shi kuwa ɗan aike.

Sunaye uku ne suka fi yawo a bakin mutanenmu. Jenkins shi ne dattijo: Kohsuke Kawaguchi ya faro shi da sunan Hudson lokacin yana aiki a Sun Microsystems, aka sauya masa suna a 2011 bayan saɓani da Oracle wadda ta sayi Sun. Kyauta ne, da Java aka rubuta shi, kuma kai ne za ka nemo masa na'urar da zai zauna. GitLab ya fara a 2011 a hannun Dmitriy Zaporozhets ɗan Yukren, kuma ya haɗa ma'ajiyar kod da layin aiki wuri guda, ko dai a shafinsu ko a sabar taka. GitHub Actions shi ne auta: an sanar da shi a 2018, shekarar da Microsoft ta sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5, aka buɗe shi ga kowa a Nuwamba 2019. Akwai wasu irin su CircleCI da Travis CI, amma ban ga dalilin da ƙaramin kamfani a nan zai ƙara wa kansa asusu na uku ba alhali inda yake ajiye kod ɗinsa ya riga ya ba shi abin.

A ina na'urar take zaune?

Masu kwatanta waɗannan abubuwa a ƙasashen waje suna ɓata lokaci kan wanne ya fi daɗin rubutu. A wurinmu ba nan gizo ke saƙar ba. Tambayar farko ita ce wutar wa ɗan aiken zai sha, datar wa kuma zai ci.

Duk zagaye ɗaya na layin aiki saukewa ne. Kowane kayan rubuta manhaja da nasa lodin: aikin Laravel sai an sauko da kayan Composer, na Node sai na npm, na Flutter kuwa sai Gradle da kayan Android, waɗanda suke iya haura gigabayit ɗaya. In kana amfani da Docker, mai haɗa manhaja da duk abin da take buƙata cikin ƙunshi ɗaya da ake kira hoto, ga hotunansa su ma. Idan ɗan aiken na GitHub ne ko na GitLab, duk wannan lodi yana faruwa ne a cibiyoyinsu, kan layinsu mai gudu, kai kuwa abin da ya fita daga wayarka ko rawutarka bai wuce ɗan gyaran da ka tura ba. Ka tura daga Gwallameji da sabis mai sanda biyu, ka rufe kwamfuta don cajinta ya kusa ƙarewa, aikin ya ci gaba ba tare da kai ba, sakamakon ya same ka a imel. A ganina wannan kaɗai ya isa ya karkatar da ma'aunin ga yawancin mutanenmu.

Jenkins da aka ajiye a ofis akasin haka ne. Yana buƙatar na'ura a kunne dare da rana. Duk wanda ya zauna a arewa a watan Oktoba 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta suka samu matsala aka kwashe kwanaki a duhu, ya san ma'anar wannan. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, ba mai hankalin da zai bar janareto yana ruri don sabar gwaji. Sai dai sola da inbata, kuma wannan jari ne da ya kamata a sa shi cikin lissafin Jenkins, ba a riƙa cewa kyauta ne kawai ba. Ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Domin Jenkins ya san an tura sabon gyara, hanyar da ta fi ita ce GitHub ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ta intanet. To, yawancin layukan wayar salula, har da Starlink a tsarinsa na gida, ba sa ba ka adireshin da za a iya samunka daga waje, domin mutane da yawa ne ke raba adireshi ɗaya. Sai ka koma ga sa Jenkins ya riƙa leƙa ma'ajiyar duk bayan 'yan mintuna, ko ka haƙa masa rami, wato hanyar da za a same shi daga waje, ta wani sabis na daban, ko ka ɗauke shi daga ofis ka kama masa hayar sabar a waje, wadda da dala ake biya. 'Yan aiken GitHub da na GitLab ba su da wannan damuwa ko da a ofis ka girka su, saboda su ne suke fita su tambaya ko akwai aiki, ba a shigo musu.

Adalci dai shi ne a faɗi inda na ofis ya fi. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, duk wanda aikinsa yake rataye a waje ya ji jiki. Mai GitLab da ɗan aikensa a cikin gida yana iya ci gaba da tura gyara da gwaji a tsakanin kwamfutocin ofis, in har kayan da yake saukewa suna ajiye a wurinsa. Amma irin wannan rana sau nawa take zuwa, in aka kwatanta da ɗauke wuta?

Lissafin kuɗi

GitHub yana ba asusun kyauta minti 2,000 a wata don ma'ajiyar da ba ta fili ba. In ma'ajiyar ta fili ce, kowa na gani, ba a ƙirga maka minti a kan 'yan aikensu na yau da kullum. GitLab kuwa minti 400 yake bayarwa, kuma ya ƙayyade mutum 5 a rukunin da ba na fili ba. Da can shi ma 2,000 ne, a 2020 ya rage. Wannan ya isa ya nuna cewa kyautar kamfani ba gado ba ce, a riƙa leƙa shafin farashi lokaci zuwa lokaci.

Mu ɗauki misali. Mutum huɗu suna tura gyara sau 10 a rana gaba ɗayansu, kowane zagaye minti 5, kwanakin aiki 22. Minti 1,100 ke nan. A GitHub an tsira da rara, a GitLab kuwa mintunan sun ƙare tun kafin a raba wata. Amma a lura da abu biyu. GitHub yana cike kowane aiki zuwa cikakken minti, don haka wanda ya yayyanka layinsa zuwa ƙananan ayyuka goma masu daƙiƙa 15 zai biya minti goma. Na biyu, wannan lissafin na Linux ne. Windows ya ninka shi kusan sau 2, macOS kusan sau 10. Mai haɗa manhajar iPhone ba shi da mafita sai macOS, don haka in yana gina ta a kowane turawa, mintunansa za su tafi kamar ba a ba shi ba. Dabarar ita ce gwajin Flutter ya gudana a Linux kullum, ginin iPhone kuma sai ranar fitarwa.

In aka zo biya, tazarar tana da faɗi. Tsarin Team na GitHub dala 4 ne ga kowane mutum a wata, Premium na GitLab dala 29. Tun da aka saki naira a Yuni 2023 har dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan bambanci ba abin wasa ba ne ga kamfanin da abokan cinikinsa makarantu ne da shagunan magani masu biya da naira, wani lokacin ma kashi-kashi. Ga batun kati: shekarun da bankuna suka rufe biyan kuɗin waje da katin naira sun koya wa mutane su guji duk abin da zai tsaya cak don kati ya ƙi wucewa. GitLab ma yakan nemi sabon asusu ya tabbatar da kansa, wani lokacin da kati, kafin ya bar shi ya taɓa 'yan aikensa na kyauta, saboda masu haƙar kirifto da suka riƙa cin zarafin tsarin.

Ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da takwarorinsu na Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere, su nemi kunshin ɗalibai na GitHub. Yana ba da asusun Pro kyauta, mintuna su koma 3,000. Shaidar zama ɗalibi kawai ake nema.

Akwai wuri ɗaya da GitLab na kyauta ya yi wa GitHub na kyauta fintinkau, kuma ba ƙarami ba ne. Amfanin ja da kore shi ne ja ya hana haɗa gyara da babban reshe, wato asalin kwafin kod ɗin da kowa ke zuba aikinsa a ciki. A GitHub, kulle reshe a ma'ajiyar da ba ta fili ba sai da asusun biya ko na Pro. A na kyauta za a ga jan, amma ba abin da zai hana mai gaggawa ya haɗa ya wuce. GitLab yana ba da kulle reshe da sharaɗin sai layin aiki ya yi kore ba tare da ko sisi ba. Kamfanin da yake da 'yan koyo ko masu hidimar ƙasa da ke shigowa suna fita, ko dai ya biya dala 4 ɗin nan, ko ya dubi GitLab da kyau.

Wa zai yi rainonsa?

Jenkins kamar tsohuwar fijo ce: kowane bakanike ya san ta, kayan gyaranta sun cika kasuwa, babu hanyar da ba za ta shiga ba, amma sai ka shirya buɗe bonet duk mako. Yana da fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake jona masa don ƙarin aiki, sama da 1,800, kuma kusan duk abin da kake so ya yi sai ka ƙara masa ɗaya. Wani fulogin yana dogaro da wani, ka sabunta wannan wancan ya fashe, wani kuma mai shi ya daina kula da shi tun shekaru. Sai sabunta Java, sai faifai ya cika da tsofaffin gine-gine, sai ajiyar kwafi. Fayil ɗinsa, Jenkinsfile, da Groovy ake rubutawa, yare ne da ba kowa ya iya ba a nan. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake saita shi ta danne-danne a shafi, babu rubutaccen tarihi. Yaron da ya saita ya samu aiki a Abuja ko Legas, ko kamfanin waje ya ɗauke shi, shi ke nan an bar ku da na'urar da kowa ke tsoron taɓawa.

GitHub Actions da GitLab duka YAML, wani salon rubuta saiti, suke amfani da shi, fayil ɗin kuma yana zaune cikin ma'ajiyar kod ɗin kanta, a .github/workflows ko a .gitlab-ci.yml. Duk wanda ya gaji aikin zai buɗe ya karanta. YAML yana da tsiyarsa, tazara ɗaya ta kauce komai ya tsaya, amma wannan ciwon kwana biyu ne. Tsakanin su biyun, na GitLab ya fi tsari a idona: matakai a jere, kowane aiki cikin hoton Docker ɗinsa, umarni irin wanda ka saba bugawa. Na GitHub ya fi saurin farawa, domin akwai kasuwar shiryayyun matakai da wasu suka rubuta, kuma kusan duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ya tambaya an ba shi amsa.

Girka GitLab gaba ɗayansa a sabar taka wani babi ne. Yana da nauyi, kada ka tunkare shi da na'urar da RAM ɗinta bai kai gigabayit 8 ba, kuma sabuntawa tana fitowa duk wata. Ɗan aikensa kaɗai kuwa mara nauyi ne, tsohuwar kwamfutar cinya mai batir ta ishe shi. Wannan ce ma hanyar kauce wa minti 400: kod yana shafin GitLab, ɗan aike yana ofis, ba a ƙirga maka komai. Sai dai ka dawo kan datarka da wutarka.

Makullai

Layin aikin da zai ɗora manhaja dole ya riƙe makullin shiga sabar, da na ma'ajiyar bayanai, wani lokacin har makullin Paystack na gaske. Dukkan ukun suna da wurin ɓoye su, kuma dukkan ukun an taɓa shiga ta kansu ko ta gefensu. A Janairu 2024 an gano wata ɓaraka a Jenkins da ke bai wa na waje damar karanta fayilolin sabar, aka fitar da gyara, amma gyaran sai wanda ya sabunta da hannunsa ya samu. A Maris 2025 wasu suka kutsa cikin wani shiryayyen mataki mai farin jini a GitHub, tj-actions/changed-files, suka sa shi yana fallasa makullan masu amfani da shi cikin rahoton aiki. Darasin bai zama ɗaya ba. A Jenkins haɗarin sakacinka ne wajen sabuntawa. A GitHub haɗarin yarda da kayan baƙo ne, maganinsa kuma a rage yawan matakan da ake arowa, waɗanda aka aro a ɗaure su da cikakkiyar lambar komit, wato lambar da ke nuna takamaiman gyara ɗaya, ba da lambar siga da mai shi zai iya juyawa ba. Kuma kada a taɓa haɗa ɗan aiken ofis da ma'ajiyar fili, GitHub da kansa ya yi wannan gargaɗi, domin baƙo zai iya turo kod ya gudana a cikin na'urarku.

A gwaji, makullan gwaji na Paystack ko Flutterwave kawai za a sa. Bayanan ɗalibai ko na marasa lafiya na gaske kuma ba su da abin yi a layin gwaji. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane daga ƙasa, ɗan aiken GitHub kuwa ba a Najeriya yake ba. A ƙirƙiri sunayen bogi, an huta.

Ɗorawa, da wani tarkon agogo

Wajen ɗorawa bambancinsu kaɗan ne. In sabar VPS ce, wadda aka keɓe maka kai kaɗai, dukkansu za su shiga ta SSH, hanyar shiga sabar daga nesa. In cPanel ne na haɗaka, a fara tambayar mai hayar ko ya buɗe SSH, in bai buɗe ba a koma FTP, hanyar tura fayiloli irin ta FileZilla. Shawarata ita ce sabar gwaji ta riƙa karɓar aiki kai tsaye, ta gaske kuwa sai mutum ya danna. GitLab yana da wannan maɓalli cikin sauƙi da layi ɗaya, a GitHub ana yi da layin aiki na daban wanda ake tayarwa da hannu. Shafin makaranta ba a taɓa shi makon rajista, na asibiti ba a taɓa shi safiyar Litinin, kuma ba na'urar da ta san wannan sai ku.

'Yan aiken GitHub da GitLab agogon duniya na UTC suke bi, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Gwajin da ya shafi "kuɗin da aka karɓa yau" zai wuce da rana ya faɗi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, a rasa dalili. Aikin da aka tsara ya tashi ƙarfe 6 na safe da agogon UTC kuma zai tashi ƙarfe 7 a agogonmu. A saita yankin lokaci na Africa/Lagos a cikin manhajar da gwajinta tun farko.

To, wanne?

Mutum ɗaya zuwa biyar, masu aikin shafuka da manhajar Android, kod ɗinsu kuma yana GitHub: GitHub Actions, ba tare da dogon tunani ba. In 'yan koyo sun fara yawa, a biya Team don a kulle babban reshe.

GitLab ya dace da wanda yake son kulle reshe da maɓallin ɗorawa kyauta kuma yana da sola da tsayayyen layi da zai riƙe ɗan aike, ko wanda ya samu kwangilar ma'aikata ko banki aka ce masa, "Injiniya, kod ɗin nan ba zai fita daga sabarmu ba." A nan girka GitLab a cikin gida ya fi Jenkins, domin abu ɗaya za a raina maimakon biyu, kuma kuɗin sabar da na mai kula da ita su shiga cikin kuɗin kwangilar tun a takarda.

Jenkins kuwa sai in an gaje shi yana aiki, ko akwai wata tsohuwar manhaja ko na'ura da shi kaɗai ke iya magana da ita, kuma akwai wanda ake biya albashi don ya kula da shi. Ɗalibin da ke hangen aiki a banki ko kamfanin sadarwa ya girka shi a kwamfutarsa ya koya, domin manyan wurare da yawa har gobe da shi suke aiki. Amma kamfanin mutum uku a Wunti ya ɗauke shi don an ce kyauta ne, wannan ban ba da shawara ba.

Ko wanne aka ɗauka, in babu gwaji a cikin aikin, kore zai riƙa bayarwa kullum, har da ranar da rasit ya lalace. Ba sai an rufe manhajar duka da gwaji kafin a fara ba. A shafin makarantar nan, guda huɗu sun isa makon farko: lissafin kuɗin zango da ragi, shiga da kalmar sirri, abin da ke faruwa in Paystack ya turo sanarwar biya ɗaya sau biyu, da lambar rasit kada ta maimaitu. A bar ɗorawa da hannu na wata guda har a saba da ganin ja da kore, sannan a haɗa sabar gwaji. Rubuta umarnin gwajin cikin ɗan fayil guda, wanda layin aiki zai kira kawai, shi zai sa in farashi ya sauya gobe, ƙaura daga GitHub zuwa GitLab ta zama aikin yini ɗaya.